An ɗora ni a kan masu rubuta manhaja, wane littafi zan fara karantawa?

Ɗan Binuwai, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya nake nema. Wanda ke gaba da mu a wurin aiki ya samu wani aikin a Duwala ya tafi, maigida ya ce ni zan riƙe sashen. Mu shida ne har da ni, muna gina manhajar lissafin kaya da bashi ga 'yan sari, masu amfani da ita suna nan Garwa da Gidar da Figil. Kod kam, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ina taɓawa daidai gwargwado. Abin da ya sha mini kai shi ne yanzu ni zan yanke yadda za a tsara ginin manhajar, ni zan tsaya gaban masu kuɗi in yi bayani, ni kuma zan riƙa raba wa mutane aiki, cikinsu har da wanda ya ba ni shekaru. Na leƙa intanet, kowa da jerinsa, wani littafi talatin wani hamsin. Ba ni da kuɗinsu, ba ni da lokacinsu. Da wanne zan fara?

Kilando, Njamena:
Wa alaikumus salam. Allah ya taya riƙo, shugaba! Clean Code na Robert Martin, sai Clean Architecture nasa, sai Building Microservices na Sam Newman. Ka gama waɗannan ukun ka dawo mu yi magana. Na farkon akwai shi da Faransanci, Coder proprement.

Kawu Kod, Ngaundare:
Ɗana, Allah ya sa albarka. Kilando ya ba ka littattafan mai rubuta kod, alhali kai matsalarka ta riga ta tashi daga kan kwamfuta ta koma kan mutane. Ni guda ɗaya zan ce maka tukuna: The Mythical Man-Month na Frederick Brooks. A 1975 ya fito, kada tsufansa ya sa ka raina shi. Brooks ne ya jagoranci aikin OS/360, manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin kamfanin IBM, cikin shekarun 1960, aikin da ya ci kuɗi ya ci mutane ya kuma makara, daga baya ya zauna ya rubuta dalilin makarar.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne, in aikin manhaja ya riga ya makara, ƙara masa ma'aikata ƙara masa makara ne. Sabon zuwa sai an koya masa, masu koyarwar kuma su ne waɗanda ya kamata a ce suna kan aikin. Ga kuma lissafin hanyoyin magana tsakanin mutane. Ku shida, hanyoyin 15 ne. Ranar da maigidanka ya kawo maka ƙarin mutum huɗu kuka zama goma, sun koma 45. Da haihuwa ya buga misali: ciki wata tara ne, ko mata nawa aka haɗa a kansa.

Ka nemi bugun 1995, domin a ciki aka haɗa maƙalarsa ta 1986, No Silver Bullet, inda ya ce babu wata fasaha guda da za ta ninka saurin aikin manhaja sau goma cikin shekara goma, saboda wahalar gaske tana wurin gane abin da ake son ginawa. Akwai shi da Faransanci, Le Mythe du mois-homme. Babukan gajeru ne. Inda yake maganar na'urorin zamaninsa ka tsallake, ba ka yi asarar komai ba.

Kilando, Njamena:
Kawu, da girmanku, amma littafin da ya girmi yawancin 'yan zauren nan? Duniya ta koma gajimare, wato gudanar da manhaja a na'urorin manyan kamfanoni ta intanet. Netflix ƙananan manhajoji ɗaruruwa suke gudanarwa kowace da aikinta, mu kuma za mu mayar da yaro zamanin da ake shigar da kod da kati mai huji?

Mai Rumbu, Kuseri:
Kilando, bar maganar Netflix, zo ka tsaya bakin gadar Ngeli da ke tsakanin Kuseri da Njamena ka ga gajimaren.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai ɗan kasuwar da nake kula wa da rumbun bayanai, yana da shago a Kuseri yana da wani a Njamena. Yaronsa ya ba da sukari bashi, ya shigar a waya, ya danna aika. Saƙon ya isa saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, lafiya lau, amsar ce ba ta dawo ba saboda rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke a tsakani. Yaro yana kallon abin yana ta juyawa, ya sake dannawa. Da yamma littafin bashi ya nuna mai karɓar kaya an bi shi buhu ashirin maimakon goma. Sai da aka yi rantsuwa da Alƙur'ani a shagon nan. Kod ɗin da aka rubuta tsaf yake, sunaye masu kyau, ayyuka gajeru, duk abin da Clean Code ya ce. Wanda ya rubuta shi ne bai taɓa tunanin saƙo zai tafi amsa ta ɓace ba.

Saboda haka ni a ɓangaren tsarin gini littafi biyu nake ba duk wanda ke aiki a yankinmu. Na farko Release It! na Michael Nygard, 2007, an sake bugawa 2018. Cikin farkon littafin ya ba da labarin wani ƙaramin kuskure a kod da ya tsayar da harkokin kamfanin jiragen sama. Daga nan yake koya maka abin da makaranta ba ta koyarwa: duk kiran da manhajarka za ta yi wa wata ka sa masa iyakar lokacin jira, in ɗaya ɓangaren ya mutu ka daina ƙwanƙwasa masa har ya farfaɗo, ka raba abubuwa yadda faɗuwar ɗaya ba za ta ja sauran ba.

Na biyu Designing Data-Intensive Applications na Martin Kleppmann, 2017. Kauri gare shi, ba na ce ka cinye shi ba. Babi na 8 ka fara da shi, na matsalolin tsarin da ke warwatse a na'urori da yawa. Can ya yi bayanin rezo mara tabbas da agogo mara tabbas. Maganar agogon nan ku riƙe ta. Wayoyin yaran shago nawa ne kwanan watansu daidai? In tsarinka shi ne wanda ya rubuta a ƙarshe ya yi nasara, wayar da agogonta ya yi gaba za ta riƙa share aikin sauran ba wanda ya sani. Maganin matsalar sukarin kuwa ƙarami ne: kowace ciniki waya ta ba ta lambar shaida tata tun kafin aikawa, saba in ta ga lambar sau biyu ta ƙirga sau ɗaya.

Tun 1994 Peter Deutsch na Sun Microsystems ya jera zato na banza da masu gina irin wannan tsari ke yi, na ɗaya a jerin shi ne ɗauka cewa rezo abin dogaro ne. Mu da muka ga an rufe kafafen sada zumunta a Cadi daga Maris 2018 har Yuli 2019, muka ga an kashe intanet wata uku a yankunan Ingilishi na Kamaru a 2017, ba sai an yi mana wa'azi a kan wannan ba.

Ɗan Binuwai, Garwa:
Yaya Mai Rumbu, kamar kana cikin ofishinmu. Irin wannan ninkin bashi ya faru a Gidar, har yanzu da hannu muke gogewa.

'Yar Marwa:
In ƙara a kan na Mai Rumbu. Kleppmann da abokan aikinsa sun fitar da wata maƙala a 2019 mai suna Local-first software, kyauta take a intanet. Tunanin shi ne bayanan su zauna a na'urar mai su, manhaja ta yi aiki ko babu rezo, in ya dawo a daidaita. A lokacin zafi da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta koma ta rabo, wannan tunanin ya fi mana amfani a kan rabin abin da ake koyarwa a bidiyoyin YouTube.

Kilando, Njamena:
Ban musa ba. Amma in manhajar ta girma fa? Ai gara tun yanzu a rarraba ta zuwa ƙananan manhajoji irin na Netflix, abin da Building Microservices ke koyarwa.

Kawu Kod, Ngaundare:
Ta girma tukuna. Melvin Conway ya rubuta a 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauko siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Manyan kamfanoni sun rarraba manhajarsu ne saboda suna da rukunoni da yawa da ba sa son jiran juna. Su Ɗan Binuwai mutum shida ne a ɗaki ɗaya, fanka ɗaya suke rabawa. Ka ba su ƙananan manhajoji goma sha biyu, wa zai tashi tsakar dare in ta bakwai ta daina amsa ta uku? Martin Fowler ya yi rubutu a 2015, MonolithFirst, yana cewa a fara da manhaja guda ɗaya dunƙulalliya. Shi kansa Sam Newman da ka ambata yana gargaɗin kada a yi gaggawar rarrabawa.

In rabon kod kake so ka iya, akwai maƙalar David Parnas ta 1972 kan ma'aunin da ake bi wajen raba tsari gida-gida. Shafi shida ce. Ya ce kada ka raba bisa matakan aiki, ka raba bisa abin da ka san zai iya canjawa, kowane gida ya ɓoye shawara ɗaya. A wurinku me zai canja? Hanyar biyan kuɗi. Yau Orange Money da MTN MoMo, gobe in kun tsallaka Cadi Airtel Money da Moov Money. To a rufe wannan a gida ɗaya, sauran kod kada ya san da wa ake magana. Ina ba ɗalibaina ita kowace shekara, masu karantawa kaɗan ne, amma ana gane su a aikin ƙarshe.

Baƙin Allo, Garwa:
Ni dai Clean Code ya taɓa sa wani abokin aikina ya yayyanka aiki ɗaya zuwa ƙanana ashirin, kowane layi uku, ya kuma goge duk bayanan da ke jikin kod wai littafi ya ce kod mai kyau ba ya buƙatarsu. Kana bin abu kana tsalle daga nan zuwa can har ka manta me ka zo nema. A Philosophy of Software Design na John Ousterhout, 2018, shi ya fi kwanta mini. Siriri ne. Ya ce gida mai kyau shi ne mai ƙaramar ƙofa da zurfin ciki, kuma ya kare rubuta bayani a jikin kod. A bugu na biyu ya fito fili ya faɗi inda ya saɓa da Robert Martin.

Kilando, Njamena:
Laifin mai karatu ne wannan, ba na littafi ba.

Baƙin Allo, Garwa:
Littafin da kowane sabon mai karatu ke fahimta a karkace, shi ma da nasa kason.

Mai kula da zaure:
Ku bar faɗan Clean Code haka, an yi shi a zauren nan ba sau ɗaya ba. Mai tambaya ya ambaci gabatar da bayani da tafiyar da mutane, ba wanda ya taɓa su sosai. Hajiya, kuna kusa?

Hajiya Kasafi, Njamena:
Ina nan, ina karanta ku ina dariya. Ni ba na rubuta kod, ni ce wadda ake zuwa a yi wa bayani don ta sa hannu a kuɗi, saboda haka bari in faɗa muku abin da nake gani daga wancan gefen tebur.

Yaro zai shigo da diyapo, wato shafukan da ake haskawa a bango, har arba'in, kowace cike da rubutu ƙanana, ya juya mana ƙeya yana karanta bango. Majigin ma a ɗaki mai hasken rana da kyar ake ganin komai. Minti ashirin sun wuce ban ji nawa yake nema ba, ban ji me zai kawo ba. Wuta ta ɗauke, shi ma ya ɗauke.

Littafin da kowa ke ambata shi ne Presentation Zen na Garr Reynolds, akwai shi da Faransanci. Yana da amfani: ka fara shiri da takarda da biro kafin ka buɗe kwamfuta, diyapo ɗaya magana ɗaya. Amma ina ganin masu karanta rabinsa. Su kawo hoton rana tana faɗuwa da kalma ɗaya a kai, sa'an nan in ce a turo mini abin in kai wa na sama da ni, sai in buɗe in ga hotuna. Shi marubucin cewa ya yi a yi abu biyu daban, diyapo don magana, takarda don a bar wa mutane. Wannan rabin ne ake mantawa.

Wanda ya fi canja mini tunani Edward Tufte ne, da ɗan littafinsa na 2003, The Cognitive Style of PowerPoint. Ya ɗauko diyapon da injiniyoyi suka nuna wa shugabannin NASA lokacin da kumbon Columbia ke sama, bayan wani ɓallin kumfa ya bugi fiffikensa. Kanun diyapon mai kwantar da hankali ne. Abin tsoron yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640. Kumbon ya tarwatse a Fabrairun 2003 da mutum bakwai a ciki. Tun daga nan duk diyapon da aka nuna mini layin ƙasa nake fara dubawa.

A Amazon tun 2004 suka daina diyapo a taron manya, sai takarda mai shafi shida da kowa ke karantawa shiru a farkon zama. Ku ba sai shida ba. Shafi ɗaya, a buga a zo da shi. Sama: abin da kake nema da kuɗinsa. Ƙasa: dalilai. Wannan tsarin na fara faɗin amsa kafin hujja, The Pyramid Principle na Barbara Minto ne ya yi bayaninsa, sai dai littafin bushe yake, in ka samu taƙaitawa ta wadatar.

Ɗan Binuwai, Garwa:
Hajiya na gode ƙwarai. Sai dai masu kuɗin namu alhazan kasuwa ne. In na shiga na ce Alhaji miliyan kaza nake nema tun kafin in zauna, ai korata zai yi.

Hajiya Kasafi, Njamena:
Wa ya ce ka tsallake gaisuwa? Ka gaishe shi, ka tambayi iyali da kasuwa, ka sha ruwan da aka kawo. Wannan littattafan Turawa ba su san shi ba, kai ka san shi. Amma da zarar ya ce to me ke tafe da kai, jimlar farko ta zama buƙatarka. Manyan 'yan kasuwa sun fi kowa ƙin kewaye-kewaye in an zo maganar kuɗi. Kuma irin su kada ka kai musu majigi sam. Ka roƙi shafi ɗaya na littafin bashinsa na gaske, ka shigar a gabansa a wayarsa, ka miƙa masa ya ga sunan wanda ya fi daɗewa bai biya ba ya hau sama. In ya kira yaronsa ya ce zo ka gani, ka gama.

'Yar Marwa:
Wannan ya kawo mu kan ƙirƙira, kuma a nan ina da littafin da zan rantse a kansa: The Mom Test na Rob Fitzpatrick, 2013. Ƙarami ne, zama biyu ka gama. Maganarsa ita ce in ka tambayi mutum ko tunaninka ya yi kyau zai ce ya yi, don kada ya ɓata maka. To in haka ne a Turai, ina ga mu masu kara? Ka nuna wa ɗan kasuwa manhaja, zai ce madalla, Allah ya sa albarka, wannan ai ci gaba ne. Ka tafi kana murna. Ba zai taɓa buɗe ta ba.

Littafin ya ce ka daina tambayar abin da mutum zai yi, ka tambayi abin da ya riga ya yi. Yaushe rabon da bashi ya ɓace maka? Nawa ne? Me ka yi a kai? Wa ke riƙe littafin in ka yi tafiya? Da muka yi irin waɗannan tambayoyi a kasuwar Marwa, sai muka gano lissafi bai dame su ba, sun fi mu iya shi da ka. Abin da ke ci musu rai shi ne kunyar tambayar bashi a wurin wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Saƙon tuni da ke fita da kansa, wanda mai shago zai ce na'ura ce ta aika, shi suka so.

Kilando, Njamena:
The Lean Startup fa? Ko shi ma za ku ce bai dace da mu ba?

'Yar Marwa:
Karanta shi, ba laifi. Amma abin da ke cikinsa zai shiga shafi talatin, sauran maimaici ne.

Kawu Kod, Ngaundare:
A ƙirƙira sunan da ba a tsallakewa Clayton Christensen ne na Harvard. The Innovator's Dilemma, 1997, ya bi tarihin masu ƙera faifan ajiyar kwamfuta, ya nuna yadda manyan kamfanoni ke faɗuwa saboda suna sauraron manyan abokan cinikinsu, har ƙaramin abu mai araha da suka raina ya taso daga ƙasa ya cinye su. An soki littafin, Jill Lepore ta yi masa kaca-kaca a New Yorker a 2014 kan yadda ya zaɓi misalansa, ku san da wannan.

Amma ga ɗan yankinmu na fi son na 2019, The Prosperity Paradox, wanda ya rubuta tare da Efosa Ojomo ɗan Najeriya da Karen Dillon. Yana magana kan mutanen da ba sa sayen komai saboda abin ya fi ƙarfinsu, da yadda ake ƙirƙiro musu kasuwa. Babban misalinsa Mo Ibrahim ne da Celtel da ya kafa a 1998, lokacin da ake ganin talakan Afirka ba zai riƙe wayar salula ba. Kilando, layin da ke aljihunka jikan wannan ne: Celtel ta yi aiki a Cadi, ta koma Zain, ta koma Airtel a 2010. A 2005 aka sayar da kamfanin kan dala biliyan 3.4. Katin kira na ƙananan kuɗi da ake kankarewa yana cikin abin da ya buɗe kasuwar. Ɗan Binuwai, abokin gasarka ba wata manhaja ba ce daga Duwala. Littafin bashi ne da biro, kuma shi ba ya neman caji.

Baƙin Allo, Garwa:
Duk wannan daɗin baki ne in babu littattafan. Ina da su a PDF sun fi ɗari biyu, duk mai so ya yi mini magana ta gefe.

Mai kula da zaure:
Baƙin Allo, ban da nan. Mun yi doka kan wannan. Mu da ke kukan an kwafi manhajarmu ba a biya ba.

Baƙin Allo, Garwa:
Ranka ya daɗe, littafin yuro 40 ya haura sefa 26,000 kafin kuɗin aikowa, katin bankin wasunmu ma ba ya wucewa a shafukan. Ɗalibi ya yi yaya?

Mai Rumbu, Kuseri:
Kukanka gaskiya ne, amma na halal kyauta ma ba mu cinye ba. Google sun saka Site Reliability Engineering na 2016 da Software Engineering at Google na 2020 a intanet kowa ya karanta. The Architecture of Open Source Applications kyauta ne, masu gina manhajojin da kansu ke bayanin yadda suka tsara su. Parnas da Conway da Fowler duk ana samu. Ɗari biyun nan naka, nawa ka kai ƙarshensu?

Baƙin Allo, Garwa:
Wannan tambayar ba ta cikin ajanda.

Hajiya Kasafi, Njamena:
Ku yi adashi mana. Mutum goma kowa ya sa kaɗan, a sayi ɗaya duk wata, ya zaga. Mai zuwa Yawunde ya taho da shi a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, Kawu ya sa a mota.

Saura maganar mutane, wadda ita ce ta fi damun yaron nan ko bai faɗa da ƙarfi ba. High Output Management na Andy Grove, shugaban Intel, 1983. Abu biyu na ɗauka a ciki. Aikin shugaba ana auna shi da abin da mutanensa suka fitar, ba da abin da ya yi da hannunsa ba. Wato in kana zaune har dare kana rubuta kod ɗin da ya kamata wani ya rubuta, ba ƙwazo kake yi ba. Na biyu, zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai a kai a kai, kuma shi zai kawo abin da za a tattauna. A wurinmu wannan ya fi muhimmanci, don ƙarami ba zai ce aikin ya gagare shi a gaban jama'a ba. Zai ce ana kai, har ranar da za a miƙa.

The Manager's Path na Camille Fournier, 2017, yana da babi a kan daidai matsayinka, wanda aka ba jagoranci yana kuma rubuta kod. Wannan babin kaɗai ka nema.

Kawu Kod, Ngaundare:
A ƙara da Peopleware na Tom DeMarco da Timothy Lister, 1987. Sun gwada masu rubuta kod daga kamfanoni da yawa, suka ga wurin aiki mai shiru da ƙarancin katsewa yana tafiya tare da kyawun sakamako. Sun ce mutum na buƙatar kamar minti goma sha biyar kafin ya nutse cikin aiki, kowace katsewa kuma sai ya sake daga farko. Su maganinsu ofis mai ƙofa. Mu ba za ka rufe wa mai sallama ƙofa ba. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a sa mutum ɗaya kowace rana ya zama mai amsa baƙi da waya, sauran a bar su daga safe zuwa azahar.

Wanda ya girme ka kuwa, babu littafin da na sani da zai taimake ka. Kada ka gyara masa aiki a gaban yara. Ka same shi shi kaɗai, ka kira shi Yaya yadda ka saba, ka nemi ra'ayinsa kafin taro ba a cikin taro ba. Ka ba shi wani ɓangare ya zama nasa ɗungurungum. In ya yi kuskure ka faɗa masa a fili amma a keɓe, kada kara ta sa ka dawo da dare kana gyarawa a ɓoye, zai gane, kuma zai fi jin zafin wannan.

Mai Rumbu, Kuseri:
Abu ɗaya da na manta. Wanda ya tafi Duwala ya bar muku rubutun dalilan da suka sa ya tsara abubuwa yadda suke?

Ɗan Binuwai, Garwa:
Ko layi ɗaya. Sai dai mu kira shi, in ya ga dama ya ɗauka.

Mai Rumbu, Kuseri:
To Nygard ɗin nan yana da wani gajeren rubutu na 2011, Documenting Architecture Decisions. Duk babbar shawara a rubuta ta a shafi ɗaya ko biyu: halin da ake ciki, abin da aka yanke, abin da zai biyo baya. A ajiye tare da kod. Ka kira mutumin tun yana tuna ku, ka tatsi guda biyar mafi girma ka rubuta.

Ɗan Binuwai, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar: Brooks da babi na 8 na Kleppmann a wannan watan, Parnas a ƙarshen mako tunda shafi shida ne, The Mom Test kafin mu koma Figil. Sauran su jira. Amma ga sabuwa: ɗazu maigida ya ce tunda mun makara da sashen biyan kuɗi, zai kawo ɗalibai huɗu masu neman sanin makamar aiki ranar Litinin su taimaka. Ɗaya ɗan ƙanwarsa ne.

Kawu Kod, Ngaundare:
Kada ka ce masa a'a, ba za ka ci ba. Ka ce ka karɓa, amma ba za su taɓa sashen biyan kuɗi ba sai an miƙa. Ka ba su gwajin manhajar a tsofaffin wayoyi, su riƙa kashe rezo a tsakiyar ciniki suna rubuta abin da ya faru. Aiki ne na gaske kuma ba ya cin lokacin kowa.

Hajiya Kasafi, Njamena:
Kuma kada ka kai masa sunan Brooks. Ka same shi bayan la'asar shi kaɗai, ka ce koya wa mutum huɗu zai cinye maka ma'aikaci ɗaya cur na tsawon makonni, ka tambaye shi wanne ya fi so, ranar miƙawa ko koyarwa. Bar shi ya zaɓa da bakinsa.

Kilando, Njamena:
Ina cikin adashin. Amma in zagayena ya zo Building Microservices za a saya, kowa ya ji tun yanzu.

'Yar Marwa:
Sai dai ka biya rabi. Mai kula da zaure, a buɗe jerin masu shiga, a sa ni ta biyu. Wa zai riƙe kuɗin?